Kunne, eriya ko radar: me gari zai saya don ya ji musayyara tun tana nesa

Tun daga ranar 4 ga Mayu 2025, da jirage marasa matuƙa suka faɗa wa Bur Sudan a yaƙin Sudan suka yi kwanaki a jere suna dukan filin jirgi da rumbunan mai, lissafin "mu muna nesa da fagen daga" ya rushe. Kafin nan an ga abin a Atbara da Gadarif a Afrilun 2024, an kuma ga yadda dukan tashar wuta ta Marawi a 2025 ya jefa garuruwa da yawa cikin duhu. Shi ya sa kwamitocin unguwa, masu kula da asibitoci da shugabannin kasuwa daga Kasala har Damazin, da 'yan uwa na Jidda da Makka masu haɗa riyal su aiko gida, suke ta tambaya guda: akwai na'urar da za a saya ta sanar da mutane kafin musayyara, wato jirgi marar matuƙi, ta iso?

Akwai, har kala huɗu: radar, mai sauraron rediyo, kyamarar zafi, da kunnuwa a kan turaku. Sai dai babu wadda ke aiki ita kaɗai, kuma wadda ta fi tsada ba ita ce ta fi dacewa da gari irin Maiwurno ko Kosti ba. Maganarmu a nan ta gargaɗi ce zalla, wato a samu mintunan da za a kwashe yara daga fili a shige wuri mai kariya. Harbo jirgi aikin soja ne, kuma akwai dalili mai ƙarfi da ya sa bai kamata a cakuɗa biyun ba.

Kafin a taɓa kuɗi, a fara sanin wane jirgi ake tsoro, domin sunan ɗaya ne amma halin ya bambanta. Akwai ƙarami mai farfela huɗu, irin na ɗaukar hoto da aka ɗaura wa bam, da ɗan uwansa FPV, wanda ake tuƙawa ana kallon hoton kyamararsa, mai gudun da kan wuce kilomita 100 a awa. Waɗannan ba sa zuwa daga nesa, mai tuƙinsu yakan kasance cikin kilomita goma zuwa ashirin. Akwai mai tafiya ba dawowa, irin Shahed-136 na Iran da masu kama da shi: nauyi kusan kilo 200, faɗin fiffike mita 2.5, gudu kusan kilomita 185 a awa, yana bin hanyar da aka zana masa tun kafin ya tashi, ƙarar injinsa kamar babur mai fasasshen salansa. Sannan akwai babba mai shawagi can sama, irin Bayraktar TB2 na Turkiyya, mai fiffike mita 12, wanda kan wuce awa ashirin da huɗu a sama yana leƙe daga tsawon kilomita biyar ko fiye, ya saki makami ya koma gida.

Gara a faɗa tun yanzu: kayan da kwamiti zai iya saya ba su da wani abin kirki da za su yi game da na ukun nan. Na farkon kuma matsalar garuruwan bakin daga ce, gargaɗinsa daƙiƙu ne. Na biyun shi ne ke bin tashoshin wuta da rumbunan mai da filayen jirgi a garuruwan da ke nesa, kuma shi ne ake iya samun mintuna a kansa. Duk kwatancen da ke tafe da shi aka auna.

Lissafin mai sauƙi ne. Kilomita 185 a awa na nufin kusan kilomita uku a minti guda. In ana son minti biyar na gargaɗi, dole a gano jirgin yana kilomita 15 daga gari. A ƙara minti ɗaya na tabbatarwa da isar da saƙo da kunna jiniya, ya zama kilomita 18. Na'urar da aka ɗora a kan rufin asibiti, komai kyanta, in tana ji ne daga kilomita uku, minti ɗaya ta ba ka, kuma rabinsa zai tafi a "me ke faruwa?". Wannan ihu bayan hari ne. Saboda haka abin da ake saye a gaskiya shi ne jerin na'urori a wajen gari da hanyar da za su yi magana da juna, kuma a nan yawancin kuɗi da yawancin matsala suke.

Radar

Shi kowa ke fara ambata, don haka a fara sallamarsa. Radar na aika igiyar rediyo ya saurari dawowarta, yana ba da nisa da tsawo da gudu, dare da rana, ƙura ba ta dame shi sosai ba. A nan ya fi kowa. Amma yana da iyakoki uku. Na farko lanƙwasar ƙasa: radar da ke kan hasumiya mai mita 10 ba zai hango abin da ke tafiya a tsawon mita 50 ba sai ya shigo cikin kusan kilomita 40, kuma wannan a shimfiɗaɗɗen fili ne irin na Jazira. A gefen duwatsun Kasala ko tuddan Bahar Maliya da ke bayan Bur Sudan, jirgi na iya laɓewa har ya kusa. A aikace ma ƙanƙantar jirgin da jikinsa na roba da zare suna sa ƙananan radar su gan shi a tazarar da ba ta kai haka ba. Na biyu tsuntsaye. Shamuwa a farkon damina da garken janbaki a gonakin dawa na Gadarif suna cika allo da ɗigo, sai radar mai iya karanta juyawar farfela ne ke bambance su, shi kuma ya fi tsada. Na uku, kuma mafi muni ga farar hula: radar yana shelar inda yake. Duk mai na'urar sauraro zai gano shi daga nesa fiye da yadda shi yake gani, kuma a idon masu yaƙi radar kayan soja ne.

Ko masu kuɗi ya ba su kunya. Ranar 14 ga Satumba 2019 an kai wa wuraren mai na Buƙaiƙ da Hurais a Saudiyya hari da jirage marasa matuƙa 18 da makamai masu linzami 7, bisa ƙidayar hukumomin Saudiyya, aka dakatar da ganga kusan miliyan 5.7 a rana, wajen rabin abin da ƙasar ke haƙowa. Ƙasar na da Patriot, makamin kare sama na Amurka, amma an gina shi ne don manyan makamai masu tahowa daga sama, radar ɗinsa kuma ɓangare guda yake fuskanta, ba ya kewaye. Abin da ya zo ƙasa-ƙasa ta wata fuska ya wuce. Farashin radar na gano ƙananan jirage yana farawa ne daga dubun-dubatar daloli ya haura ɗaruruwan dubbai, ga lasisi, ga injiniya, ga wuta ba yankewa. Matatar mai ko tashar jiragen ruwa, da hukuma a bayanta, dole ta mallake shi. Kwamitin gari ya cire shi daga lissafi.

Mai sauraron rediyo

Wannan ba ya aika komai, saurare kawai yake. Jirgin da ake tuƙawa daga ƙasa dole ya karɓi umarni ya kuma mayar da hoto, galibi a zangon gigahaz 2.4 da 5.8, ko wajen megahaz 900, wasu kuma hotonsu na bi ta gigahaz 1.2. Na'urar hannu mai girman oba-oba takan yi ƙara in ta ji irin wannan sigina daga kilomita ɗaya zuwa uku; ta kan hasumiya da eriya mai kyau takan zarce haka. Ba ta cin wuta, ba ta tona inda take, farashin ta hannu 'yan ɗaruruwan daloli ne. Ga direban motar asibiti ko ayarin kayan agaji da ke ratsa yankin da ake fafatawa, ita ce zaɓi na farko.

Ga garin da ke nesa da daga kuwa, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Jirgi mai tafiya ba dawowa na iya yin tafiyarsa duka bai furta komai a rediyo ba, yana sauraron tauraron ɗan'adam kawai, kuma mai saurare ba a jin sa. Tun 2024 kuma a yaƙin Yukiren an fito da FPV mai jan zaren gilashi a bayansa, kilomita goma zuwa ashirin, umarni da hoto duk ta cikin zaren, babu ko ɗigon sigina a iska. Sannan masu ƙera jirage suna sauya zango duk 'yan watanni. Na'urar da ba a iya sabunta manhajarta ba takan kurmance cikin shekara. Wata gargaɗi ga masu son haɗa tasu da araha: ƙaramar sandar RTL-SDR da ake samu a kasuwa tana tsayawa ne wajen gigahaz 1.7, ba ta jin 2.4 balle 5.8. Mai kaiwa gigahaz 6 sai irin HackRF. A tsakiyar kasuwa kuma Wi-Fi na shaguna yana zaune a kan zangon 2.4 da 5, zai riƙa tayar da ita ba gaira ba dalili.

Kyamarar zafi ba ta buƙatar dogon bayani. Tana tabbatar da abin da wani ya riga ya nuna mata, amma ba ta iya tsare sararin sama duka, domin in ta buɗe ido da faɗi ba ta gani da nisa. Habub, wato guguwar ƙura, yana makantar da ita. A saye ta daga baya, in kuɗi sun ragu.

Kunnuwa a kan turaku

A nan ya kamata a daɗe. Abin da jirgi mai injin fetur ba zai iya ɓoyewa ba shi ne ƙararsa. Yukiren ta gane haka da wuri, ta kafa dubban turaku a faɗin ƙasar, kowanne da makirfo da ƙaramar kwamfuta ko wayar hannu, tsarin da ake kira Sky Fortress. Janar James Hecker, kwamandan sojan saman Amurka a Turai a lokacin, ya yi bayaninsa a bainar jama'a a 2024, ya ce kowane turke 'yan ɗaruruwan daloli ne. Makamin Patriot guda ɗaya ya haura dala miliyan uku. Kowane turke shi kaɗai ba wani abu ba ne. Hikimar tana cikin haɗa su. In turke na farko ya ji, bayan minti ɗaya na gaba ya ji, bayan wani minti na uku ya ji, an san hanya, an san gudu, an san inda aka dosa.

Kayan turke guda: makirfo ɗaya ko huɗu a jere in ana son sanin fuskar da ƙara ta fito; tsohuwar wayar Android ko kwamfutar Raspberry Pi mai ɗauke da manhajar ƙirƙirarriyar basira da aka horar ta gane sautin inji; ƙaramar rediyon aika saƙo; faranti sola; batir; akwati mai hana ƙura. Duka suna cin kusan wat 4, wato wat-awa 96 a yini. Batirin LiFePO4 mai bolt 12 da amfiya-awa 20 yana riƙe wat-awa kusan 256, ya isa kwana biyu da rabi ba rana. Faranti mai wat 40 zuwa 50 ya wadatar, da sharaɗin a riƙa share shi, domin ƙurar mako biyu takan cinye kaso mai tsoka na abin da yake bayarwa.

Nawa ake buƙata? A daren da babu iska, turke na jin injin irin Shahed daga 'yan kilomitoci. Ƙaramin mai farfela huɗu da batir sai ya shigo cikin 'yan ɗaruruwan mitoci. A ɗauki tazarar kilomita huɗu tsakanin turaku. Zoben da ke kilomita 15 daga tsakiyar gari kewayensa kusan kilomita 94 ne, turaku 24 ke nan. Zobe na ciki a kilomita 8, kewaye kusan 50, turaku 13. Jimla 37. In kuɗi ba su kai ba, kada a rage yawan turaku a bar zoben da giɓi ko'ina. Gara a cike fuskar da aka fi zato, a bi bakin kogi da layin babbar wayar wuta, sauran a bar wa masu gadi. Amma a tuna jirgin da aka zana wa hanya yana iya zagayowa ta baya.

Abubuwan da ke lalata aikin a ƙasarmu ba su ne na Yukiren ba, kuma duk wanda ya kawo manhaja daga waje ya kafa ta yadda take zai sha mamaki. Raksha mai ƙafa uku, babur, janareta, tarakta, da injin ban-ruwa da ke kwana yana bugawa a bakin Shuɗin Nilu, duka sautinsu na zaune a ƙasan ma'auni ɗaya da injin jirgin. Manhajar da ba ta taɓa jin raksha ba za ta kira ta musayyara. Maganin shi ne a bar kowane turke ya yi sati biyu zuwa uku yana naɗar sautin wurin, dare da rana, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, a horar da manhajar da wannan kafin a haɗa ta da jiniya. A kuma nisanta turke aƙalla mita ɗari biyu zuwa uku daga titi ko famfo.

Yi wannan lissafin ka ga nauyin abin: in kowane turke cikin 37 ya yi ƙarya sau ɗaya tak a mako, gari zai ji jiniya sau biyar a yini. Kwana uku ya isa mutane su daina tashi. Don haka ƙa'ida ita ce turke ɗaya ba ya tayar da gari. Sai biyu ko uku sun ji a jere, kuma lokacin da ke tsakaninsu ya dace da gudun jirgi. Raksha ba ta cin kilomita huɗu a daƙiƙa tamanin. Wannan gwaji kaɗai yana share mafi yawan ƙarya, amma yana bukatar agogon turakun su daidaita. Yawanci daga GPS suke ɗaukar lokaci, GPS kuma shi ake fara toshewa ko ruɗawa a wurin yaƙi. A sa wa kowane turke ƙaramin agogon kansa, irin DS3231, wanda kuskurensa bai wuce kusan minti ɗaya a shekara ba, a kuma rubuta wa turken matsayinsa da hannu ranar da aka kafa shi, kada ya dogara da tauraro ya gaya masa inda yake.

Sai yanayi. Da tsakar rana ƙasa ta fi iskar sama zafi, sauti yakan lanƙwashe ya yi sama, turke ya rasa rabin jinsa ko fiye. Da dare da asuba abin ya juye, sauti na bin ƙasa ya yi nisa, kuma an yi sa'a hare-hare da yawa a lokacin suke zuwa. Iska mai kaɗawa daga gari zuwa wajen jirgin tana rage ji. A cikin habub kuwa makirfo ba ya jin komai sai kukan iska, a ɗauka tsarin ya rufe har ta lafa. A rufe makirfo da soso da gashin roba, a sa siririn tace a bakinsa, in ba haka ba ƙura za ta toshe ramin cikin wata guda ya kurmance ba tare da kowa ya sani ba. Shi ya sa kowane turke ya kamata ya riƙa aiko "ina nan" duk minti goma tare da ƙarfin batirinsa da matakin sautin da yake ji. Turken da ya ce yana jin shiru tsit da tsakar rana, makirfonsa ya mutu. Akwatin kuma a yi masa rumfa, a fente shi fari. Batirin wayar hannu yakan kumbura a akwatin da ke tsaye cikin ranar Afrilu, shi ne dalilin fifita LiFePO4. Ɓarayin sola ma suna cikin lissafi. Turken da ke harabar wani gida ko gona mai mai gadi ya fi daɗewa a kan wanda aka kafa a wurin da taswira ta ce ya fi kyau.

Akwai kuma jinkirin sauti kansa. A zafinmu yana tafiya kusan mita 350 a daƙiƙa, don haka ƙarar da ta taso daga kilomita uku tana isowa bayan kusan daƙiƙa tara, jirgin kuma ya riga ya ci wajen mita 450. Ga gargaɗi wannan ba komai ba ne.

Kada a raina mutum. Makiyayi ko mai gadin gona da oba-oba a hannu yana bambance raksha da jirgi fiye da manhajar da ba ta gama koyo ba. A Yukiren ma an yi wa jama'a manhajar waya mai suna ePPO don su nuna inda suka ga ko suka ji jirgi. Rauninsa barci da gajiya da jita-jita. A ba shi kalmomi ƙayyadaddu: wuri, fuska, lokaci, shi ke nan.

Hanyar da saƙo zai bi

A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk ƙasar, mutane suka koma neman Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, don su taɓa Bankak, manhajar banki ta tura kuɗi. Wanda ya ga wannan ba zai gina gargaɗin gari a kan layin waya kaɗai ba. Ga shi kuma in aka doki tashar wuta, hasumiyoyin sabis suna bin ta da zarar batirinsu ya ƙare. A yi amfani da layin waya in yana nan, a matsayin ƙari.

Starlink yana da sauri, amma babban farantinsa na cin wat 75 zuwa 100, wato kusan kilowat-awa biyu a yini, abin da turaku ashirin za su ci. Ƙaramin, Mini, yana cin wat 25 zuwa 40. Makullinsa na hannun kamfani a wata ƙasa, kuma mallakarsa a wurare da yawa na jawo tambayoyi daga masu bindiga. Ba a sa shi a kan turke. In za a yi amfani da shi, guda ɗaya a cibiya don magana da wasu garuruwa.

Abin da ya dace da turaku shi ne LoRa, ƙaramar rediyo mai aiki a zangon megahaz 433 ko 868, mai cin ƙasa da wat ɗaya, mai kai 'yan kilomitoci har fiye da goma in eriyoyi na hangen juna. Da manhaja irin Meshtastic kowane turke yana miƙa saƙon maƙwabcinsa gaba. Ba ta ɗaukar sauti ko hoto, saƙonta bai wuce haruffa kusan ɗari biyu ba. Wannan ne ya sa dole basirar ta zauna a kan turken, ya yanke hukunci da kansa ya aiko gajeren saƙo: lambar turke, lokaci, ƙarfin zato. Tsarin da ke tura sauti zuwa wata babbar kwamfuta a intanet ya fi wayo a ranar lafiya, ya mutu a ranar da ake bukatarsa. Kurakurai biyu aka fi yi da LoRa. Ɗaya, a bar eriya a ƙasa. Mita shida zuwa goma a kan tankin ruwa ya fi ƙarin ƙarfin watsawa amfani. Biyu, a manta cewa Meshtastic na zuwa da iyakar tsalle uku, wato miƙa saƙo sau uku, ba ya kuma wuce bakwai, saƙon turken da ke can ƙarshe sai ya mutu a hanya. A kafa masu miƙawa biyu ko uku a wurare masu tsayi, kada komai ya rataya a kan guda. A canza makullin sirri da na'urar ta zo da shi, domin kowa ya san shi, kuma wanda ya shiga zai iya tayar da gari da ƙarya.

Matakin ƙarshe shi ne kunnen mutane. Saƙon WhatsApp ba ya tashin mai barci. Jiniya mai batirinta, ko lasifikar masallaci in liman da kwamiti sun amince, da sauti na musamman da ba ya kama da kiran salla, da wani sautin daban na "an wuce". Mutum ne zai danna, ba manhaja ba, kuma su kasance biyu a kowane dare. Sannan a san inda za a gudu: ɗaki na ciki mai bango biyu tsakaninsa da waje, nesa da taga, ko rami mai rufi. A hana taruwa a wurin da aka doka, domin ana komawa a sake dukan wuri ɗaya.

Sharaɗin da ya fi duk kayan nauyi shi ne wannan. Ranar da bayanan turaku suka fara tafiya wurin masu harbi, tsarin ya zama ɓangaren yaƙi, kuma hasumiyar da ke ɗauke da eriyarsa ta shiga jerin abin duka. Saboda haka kada a ɗora eriya ko cibiya a kan asibiti, makaranta, masallaci ko takiyyar da ake dafa wa jama'a abinci. A kuma nemi izini a rubuce daga hukumar da ke riƙe da wurin kafin a kafa turke ko ɗaya. Saurayin da aka samu da makirfo da eriya a bayan gari ba tare da takarda ba, zargin leƙen asiri ne zai hau kansa. In hukuma ta ce sai dai a haɗa da nata tsarin, kwamiti ya auna da idon basira, ya nisanta kayan daga gidajen mutane. Na'urar toshe sigina kuwa a bar ta: tana shelar kanta fiye da radar, tana kashe sabis da GPS na maƙwabta, ba ta kuma tare jirgin zare.

Abin da ke tafe zai rage wa wasu daga cikin kayan nan daraja. Rasha ta fara sa wa jiragenta na'urorin da ke haɗa su da juna a sama suna miƙa sigina, an kuma fito da masu injin jet da ke ninka gudu, wanda zai mayar da minti biyar ya koma biyu da rabi a kan zobe ɗaya. Jiragen da ke gane abin duka da kyamararsu ba tare da matuƙi ko tauraro ba suna ƙara rage amfanin mai sauraron rediyo. A ranar 1 ga Yuni 2025 Yukiren ta tashi jirage 117 daga cikin manyan motoci da aka faka kusa da filayen jiragen sojan Rasha, abin da ke nuna zoben waje ba ya ganin wanda ya taso daga ciki. Kunne zai daɗe yana aiki muddin ana amfani da injin fetur, amma a sayi wanda za a iya sake horar da manhajarsa a gida, da sautin da aka naɗa a gida, ba wanda sai an koma wurin mai sayarwa ba.

In kuɗin da aka tara ba su wuce dala dubu biyu zuwa uku ba, a zuba su a oba-oba ga masu gadi goma zuwa goma sha biyar a ƙauyukan kewaye, da jiniya biyu masu batir, da gyaran wuraren fakewa. In sun kai dubu goma sha biyar zuwa ashirin, kuma akwai matasa biyu ko uku da suka iya sola da kwamfuta waɗanda za su zauna a garin, a kafa turaku a kan LoRa, a fara da takwas a fuska ɗaya, a gwada su wata guda ba tare da jiniya ba, a ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin don batir da makirfo na canji da man babur ɗin mai zagayawa. Motocin asibiti da na agaji masu shiga kusa da daga su ɗauki mai sauraron rediyo na hannu, su kuma san ba ya jin jirgin zare. Garin da ke maƙwabtaka da tashar wuta, madatsar ruwa ko rumbun mai ya fara da kwashe wurin kwanan mutane daga jikin katangarsu kafin ya sayi komai.